Ɗinkin Zumunta a Cikin Wayata

Shekarar da matan zumunta suka ɗora mini zaɓen ɗinkin da za mu sa zuwa taro a Mahuta, 'yata ce ke nemo mini samfura a intanet. Wanda na ce ya yi, sai ta ajiye shi da sunansa a wayata, layi bisa layi.

Na ce, "Ke, ni da ban taɓa shiga aji ba, me wannan rubutu zai gaya mini?"

Ta ce, "Mama, ai ya fi tsari."

Na ce, "Tsarinki ne. In na nuna wa tela wanda ba shi ba, atamfar mata ta lalace, sunana za a kira."

Sai ta sa mini wata manhaja mai ajiye abu da hotonsa, in an taɓa hoton shafin ya buɗe, ta mayar da samfuran ciki. Ni kaɗai na tafi gun tela. Na duba wuya, na duba hannu, na wuce masu buɗaɗɗen baya, na ɗora yatsa a kan nawa. Ya ce ko a kira 'yata ta tabbatar. Na ce ya ɗauki almakashinsa.

A Mahuta, har mazauninmu matan zumuntar garin Danko suka biyo mu suna tambayar wa ya zaɓi ɗinkin.