Baba Tsinke da Iskar Taya

Shekara tara na yi ina zama a kujerar gaba ta motar Baba Tsinke, ban taɓa ganin ya tayar da inji bai zaga tayoyinsa huɗu ba. Aikina awon ruwan rijiyoyin ƙauyuka ne: in ɗebo a kwalba, in kai ɗakin gwaji, in faɗa wa mutane ko ya shawu. Nasa aikin shi ne ya kai ni, ya dawo da ni da kwalabena ba a fashe ba, cikin wata tsohuwar farar mota irin mai ja da tayoyi huɗu.

Sunan ya samo shi ne daga tsinken ashanar da ba ya rabuwa da bayan kunnensa. Ba ya shan taba. Tsinken na danna bawul ne, wato bakin da iska ke shiga taya, idan yana son rage ta. A aljihun gaba kuwa gejin awon iska ne, naɗe cikin hankici. Matarsa ta taɓa ce mini in da ita da gejin za su faɗa rijiya, ta san wanda zai fara cirowa.

Da sassafe yake awo, kafin mota ta motsa, domin a cewarsa taya mai zafi maƙaryaciya ce. A kwalta geji ya nuna talatin da biyar, in an yi lodi na baya su sha arba'in. In muka sauka hanyar tsakuwa, sai ya tsaya ya rage zuwa ashirin da takwas, don kada duwatsu su yanke roba, mu kuma haƙoranmu su huta. Idan muka iso busasshen kogin nan mai rairayi, wanda sai an haye shi ake kaiwa ƙauyuka bakwai na ƙarshe, sha takwas ce, ba ciniki.

"Baba, rana fa tana yi," nakan ce.

"'Yata, kin taɓa ganin raƙumi da takalmi mai tsini? Bari ƙafar ta baje, ta hau bisa rairayin."

Rage iska wasan yara ne. Mayar da ita shi ne aiki, domin taya mai laushi in ta hau kwalta da gudu zafi take ɗauka har ta fashe. Don haka duk dawowa sai ya ciro famfonsa na ƙafa, ya yi ta tatsa, taya huɗu, ni kuwa ina inuwa ina fifita da fayil. Ofis ya taɓa sayo masa famfo mai aiki da batir. Ya juya shi gaba da baya, ya mayar wa manaja a gaban sauran direbobi, ya ce a ba rago. Ya daɗe yana ba da wannan labari.

Shekara talatin da ɗaya yana tuƙi, motarsa ba ta taɓa kafewa ba. Sai bara ta kafe sau biyu cikin wata guda.

Na farko na ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun iso bakin kogi bai tsaya ba, ya ce rairayin ya sha raɓa, zai ɗauke mu. Bai ɗauke mu ba. Sai da mutanen ƙauye suka zo da shebur da itace, suna dariya a ɓoye. Na biyu tarakta ce ta jawo mu, labari ya riga mu isa ofis. Manaja, wanda sa'an ɗan Baba ne, ya kira shi ya ce in aka yi na uku zai karɓi makullin, ya ba shi ƙaramar motar kai wasiƙu cikin gari. Ga wani wannan hutu ne. Ga Baba Tsinke, gara a ce masa ya je gida ya kwanta.

Ni haushi na ji, ba tausayi ba. Mutumin da ya cika mini kunne da sha takwas shekara tara, yau shi ne yake faɗa wa rairayi da talatin da biyar? Sai da na huce na fara lura. Motar ta koma warin man zafi. In zai shiga, sitiyari yake kamawa ya jawo jikinsa. Lokacin salla sai ya zaga bayan mota, inda ba zan ga yadda yake zama ba. Na leƙa ƙarƙashin kujera, na ga gizo-gizo ya yi saƙa a jikin famfo. Ashe ba mantuwa ya yi ba. Gwiwa ce ta ƙi, ya san in ya rage iska ba zai iya mayarwa ba, ga kuma famfon batir da ya ce a ba rago. Bakin da ya furta wannan da wane ido zai koma ya roƙa?

Ranar tafiya ta uku, muna hango kogin na ce, "Baba, tsaya."

"Yau zai ɗauke mu, 'yata."

"Tsaya, amai nake ji."

Ya taka birki. Na fizge tsinken daga bayan kunnensa, na dira, na tsuguna gaban tayar gaba na danna. Iska ta fara tsiii.

"Ke! Ke! Ba geji? Haka ake yi? Za ki kwantar mini da taya a ƙasa!"

Na san abin da ba zai iya jurewa ba ke nan, ya ga ana ɓata aiki a gabansa. Ya sauko yana ɗingishi, ya manta ma da ɓoyewa, ya karɓe tsinkensa. Taya ɗaya ta riga ta sauka, dole sauran su bi ta. Ya daidaita su sha takwas, yana ta mita. Muka ratsa rairayin nan sumul, ko tari motar ba ta yi ba.

Da la'asar muka hayo, muka bi tsakuwa a hankali har bakin kwalta. Ya kashe mota. Ya ciro famfon, ya share shi da hannun riga, ya ɗaura a bawul, ya ɗora ƙafa. Ya danna sau uku. A na huɗu ya dafa mota, ya sunkuyar da kai.

"'Yata," ya ce, bai dube ni ba, "ƙafar ta ƙi."

Wallahi sai da zuciyata ta karye. Amma na san in na nuna masa tausayi na gama da shi, sai na ce, "To matsa mana, Baba. Dama likita ya ce in rage tumbi."

Jama'a, ashe inuwar da na sha shekara tara ba banza ba ce. Kafin in gama tayar farko mayafina ya koma ɗamara. A ta biyu na cire takalmi. A ta uku na fara neman gafarar duk wanda na taɓa zalunta. Shi kuwa yana zaune a kan akwatin kwalabe, geji a hannu, bakinsa ya dawo: "Da dunduniya, ba da yatsu ba! Saura bakwai. Wa ya ce ki huta?"

Washegari na shiga ofishin manaja ina tafiya kamar agwagwa, na shirya ƙaryata tsaf don in rufa masa asiri. Baba bai bari na buɗe baki ba. Ya ajiye makullin a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, gwiwata ta gaji, ba na iya buga iska. Shi ya sa na kafe sau biyu, girman kai ya hana ni faɗa. Hanya dai na san ta, taya ma na san ta. Ga makulli, ka yi yadda ka gani."

Manaja ya dubi makullin, ya dube ni.

"To jiya wa ya buga?"

Na ɗaga hannu, don shi kaɗai ne ke ɗaguwa a jikina.

Ya yi dariya har da buga tebur, sannan ya tura makullin gaban Baba da ɗan yatsa. "Ƙafafu muna da su da yawa a gidan nan, Baba. Ɗauki abinka."

A waje Baba ya tsaya jikin motarsa, makullin a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallonsa. Na ga idonsa ya ciko, nawa ma haka. Na zaci godiya zai yi. Ya share fuska da hankicin gejin, ya gyara murya.

"Ta baya ta hagu," ya ce, "talatin da uku kika bar ta. Ɗauko famfo."