Ranar da Baffa Ya Ce Ba Komai

Tsufa ya cinye min abubuwa da yawa. Sunan jika ma sai na kira na wasu kafin in dace da na wanda ke gabana. Amma ranar da surukina ya zauna gaban dagaci ya ce ba komai, alhali kayanmu a ɗaure suke, wannan kam sai dai a binne ni da ita.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, ni kuma ina goyon fari. Rugarmu tana gefen Burumburum a ƙasar Tudun Wada, tun zamanin kakannin mijina. Muna kiwo, muna ɗan noman dawa. Akwai burtali, wato hanyar shanu, da ya ratsa tsakanin gonaki ya gangara rafi, an dasa masa itatuwan aduruku hagu da dama. Ta nan dabbobinmu ke zuwa shan ruwa.

To, a shekarun nan gyaɗa ta yi daraja. Duk inda ƙasa ta yi fili sai an tura mata garma. Wata damina muka wayi gari an yi kunya a tsakiyar burtalin, an shuka gyaɗa. Kuma wa ya yi? Manomin da muka fi kusa da shi, wanda shanunmu ke kwana a gonarsa da rani su zuba masa taki, shi kuma ya ba mu kara da harawa. Shi da surukina, wanda kowa ke ce wa Baffa, a ƙwarya ɗaya suke shan fura.

Sai shanu suka koma zagayawa ta bayan dutse. Su fita da hantsi, ba za su dawo ba sai rana ta karkata, a galabaice. Nono ya ragu, maruƙa suka rame, wata karsana ta karye a cikin duwatsu aka yanka ta. Baffa bai ce wa kowa uffan ba. Ku da ba ku san mu ba, babban Bafulatani ba ya kai kuka. Ko wuta ce ke cin rigarsa, ka gaishe shi zai ce maka jam, wato lafiya. Abin da ya iya shi ne tashi. Ya tara 'ya'yansa ya ce da an yi girbi za mu yi kudu, mu wuce Doguwa, inda Allah ya tsayar da mu. Muka fara ɗaure kaya.

Ni abin da ya hana ni cin tuwo shi ne Innata. Tana rugar yayana, kusa da mu, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Kullum da safe sai na je na ɗora mata ruwan zafi na gasa mata gwiwoyi. In muka tashi, na san ba zan ƙara ganinta ba. Na yi wa mijina kuka, ya ce shi wa ye da zai mayar wa Baffa magana.

A garin akwai wani malamin makarantar elementare, siriri, mai keke da farar hula. Duk ranar kasuwa a wurina yake sayen nono, kuma ba ya tafiya sai ya tsokane ni. A lokacin ya ajiye alli, ya tsaya neman kujerar majalisa a Kaduna, yana ta yawo Kiru, Bebeji, Ƙofa, har Ba'awa. Ranar ya jingine kekensa ya leƙa ƙwaryata ya ce, "'Yar Fulani, yau ma an yi wa nonon nan wanka?"

Da can sai in ce masa bakinsa ne ya saba da ruwa. Ranar ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Ya tsuguna. Ni dai tun ina yarinya an ce bakina ba irin na Fulani ba ne, ai kuwa na zazzage masa komai. Na ƙare da cewa ya ma daina ɓata lokacinsa, ni mace ce, ko ƙuri'ar da yake nema ba ni da ita, mazanmu kuma ba su taka kara sun karya ba a yawa, manoma ne masu garin. Ya sha nononsa, ya hau keke ya tafi, ko Allah ya sawwaƙe bai ce ba. Na ce a raina, ka ji 'yan siyasa.

Ashe wajen dagaci ya nufa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka kira Baffa da manomin nan ƙofar fada. Na ɗauki ƙwarya na zauna gindin wata tsamiya can gefe kamar mai jiran ciniki, kunnena duk yana wurin. Dattawan gari sun cika tabarmi. Dagaci ya yi bayani, ya juya ya tambayi Baffa ko yana da kuka a kan wani.

Baffa ya dubi abokinsa, ya sunkuyar da kai. "Ba komai, ranka ya daɗe," in ji shi. "Lafiya muke zaune da kowa."

Wayyo ni! Ji na yi kamar in kifar da nonon in yi ta birgima. Dagaci ya ce to madalla, tunda mai abu ya ce ba komai, sai liman ya shafa fatiha. Har an fara ɗaga hannu, malamin nan ya ce a gafarce shi. Ya ce shi ba ƙara ya kawo ba, kuma ya ji Baffa ba shi da kuka. Shi dai malamin makaranta ne, bai san kiwo ba, yana so Baffa ya ƙara masa ilimi. Ya matsa kusa, ya rage murya ya ce, "Baffa, yau da safe ta ina shanunka suka bi zuwa rafi?"

Wannan ba kuka ba ne, tambaya ce, kuma dattijo ba ya ƙarya. Baffa ya ce ta bayan dutse. Yaushe suke dawowa? Ya ce bayan azahar. Da mahaifinsa yana raye, nan suke bi? Baffa ya ɗaga sandarsa ya nuna gabas, wajen gyaɗar.

Malam bai ce kun gani ba. Ya juya wajen manomin, da ladabi, ya ce akwai wasu aduruku a layi a wajen nan da suke ba shi sha'awa, ko ya san wanda ya dasa su. Mutumin ya ce mahaifinsa ne, shi ma yana yaro ya taya shi haƙa ramukan. Malam ya ce, don me aka dasa su layi biyu, aka bar fili a tsakani? Bawan Allah ya yi ta murza gemu. Can ya ce, "Ai burtali ne."

Da bakinsa ya faɗa. Babu wanda ya yi ƙararsa, babu wanda ya kira shi azzalumi, Baffa kuma bai karya kunyarsa ba. Sai ga manomin yana wa Baffa faɗa, wai me ya sa bai taɓa gaya masa shanu suna wahala ba, shi ya ɗauka zagayen ba wani nisa. Aka tsayar da magana: za a buɗe gefe ɗaya a ranar, sauran a bari a cire gyaɗa, daga nan ba mai ƙara sa garma a tsakanin adurukun.

Kada ku ɗauka kowa ya ji daɗi. Akwai waɗanda su ma suka ci bakin burtalin, dole suka ja baya. Da kunnena na ji wani yana ce wa Malam ya zubar da ƙuri'un gari saboda mutanen daji. Malam ya ce shi a aji ya koyi aiki, kuma yaron da ya yi shiru a bayan aji shi ma ɗan ajin ne. Da zaɓe ya zo, da yawa a garin sun juya masa baya, mutanen wasu garuruwan ne suka fitar da shi. Ya daɗe a majalisa ƙwarai, tun ana tafiya Kaduna har aka yanka jihohi aka dawo Kano. Masu yabonsa suna lissafa makarantu da rijiyoyi. Ni ban san wannan ba, abin da na sani shi ne mun kwance kaya.

Innata ta ƙara shekaru masu yawa. Ta ga yayen ɗana, ta ga ƙannensa. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, da hantsi, kanta yana kan cinyata, ni na rufe mata ido. Na yi kuka, amma ba irin kukan da zan yi a wata ƙasa ba in labari ya iske ni bayan an yi arba'in. Har yau ba na sallah in tashi ban sa malamin nan a addu'a ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Abin da na koya a gindin tsamiyar nan shi ne, ba duk mai cewa ba komai ne ba shi da komai ba. Wani kunya ce ta riƙe masa harshe, wani girma ne. In Allah ya ɗora ka a kan mutane, ko da 'ya'yan cikinka ne, aka ce maka ba komai, kada ka yi saurin shafa fatiha. Ka matsa kusa, ka sake tambayar ta wata hanya.