Sylvester da Layin Farko na Gana

Da sassafe yake tsallako titi daga Sabon Gari zuwa Fagge a kan tsohon babur ɗinsa, jakar buhu a ɗaure a baya, gudumar roba ta leƙo kai, ga igiyar awo, ga tsumman da yake naɗawa a gwiwa. Sai ya tsaya wurin mai ƙosai ya sayi na mutum biyu. Har yau na mutum biyu yake saya, ya miƙa rabi ga duk wanda ya fara cin karo da shi. Sunansa Sylvester, mai shimfiɗa tayil. Rabin nan kuwa a da na mijina ne, Malam Gana, Allah Ya jiƙansa.

An ce mini ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma garinsu, gwiwoyi sun ƙi. Shi ya sa zan faɗi abin da na sani a kansa, ko da zuciyata tana ja da baya.

Shekara ashirin da wani abu suna aiki tare. Ya fi ni ganin mijina, ya fi ni jin dariyarsa. In Gana ya dawo gida a gajiye, bakinsa ba komai sai "Sylvester ya ce". Wata rana na ce masa, "To ka koma Sabon Garin mana, ya tuƙa maka tuwo." Ya yi dariya har da tari. Ni kuwa ban yi ba.

Amma hannu dai hannu ne. Hajiya Zara mai shago a kasuwar Singa ta ba ni labari da bakinta. Da ya gama mata shago, ta miƙo masa lemo, ya ce ta dakata. Ya cire takalmi, ya rufe ido, ya bi ɗakin yana jan tafin ƙafa daga bango zuwa bango. A wuri ɗaya ya tsaya, ya durƙusa, ya ɗaga tayil ɗin da ita ba ta ga laifinsa ba. Ta ce, "Oga, wa zai gani?" Ya ce, "Ido ba zai gani ba, Hajiya. Yatsa zai gani."

Sylvester, kai ne mai tambayar ƙafa kafin ka tambayi ido.

Mu kuwa gidan mai tayil, a kan tsuran siminti muka yi zamanmu. Sai bara Gana ya kawo manya-manyan tayil ɗin nan masu tsawo, ya ce zai yi mini falo da hannunsa, ba ya son taimakon kowa. Ciwo ya riga ya kama shi. Ya yi layi huɗu, yana yi yana hutawa. Na biyar bai samu ba.

Bayan na fita takaba Sylvester ya yi sallama, ya ce ya zo ƙarasa aikin abokinsa. Surukata Inna Yakaka tana zaune a bakin ƙofa, babban yatsanta a naɗe da tsumma. Idonta ya yi rauni, jan ƙafa take, bakin tayil ya cire mata farce. Ya dubi yatsan, ya dubi ƙasa. Sannan ya ɗauko tayil biyu cikin waɗanda suka rage, ya haɗa su fuska da fuska. Suka yi ta rawa, bakunansu a buɗe.

"Maman Zulfa, kin gani? Manyan nan doro gare su a tsakiya. In an jera su rabi da rabi kamar bulo, doron wannan sai ya zauna kusa da bakin wancan, baki ya tashi. Kashi ɗaya cikin uku ake gocewa. Gana ya sani sarai, tare muka gano. Ciwo ne ya mayar da hannunsa kan tsohon yayi. Sai an ɗaga."

Na ji kamar ya mare ni. Na ce, "Yana da rai ka fi shi suna, ya mutu kuma ka biyo shi gida ka gyara masa? Ba mai taɓa mini su."

Inna ta ce, "Ke, Sa'adiya. Ɗana ne kafin ya zama mijinki, kuma yatsan nawa ne. A ɗaga."

Na shige ɗaki na bar su. Ina jin ƙarar kurfi, ƙarfen da yake ɓamɓare tayil da shi, a hankali, ƙwas, ƙwas, kamar mai tsoron tashin jariri. Da wani ne, da ya farfasa ya wuce wurin. Shi kuwa ɗaya bayan ɗaya yake rarrashinsu, yana kankare simintin bayansu, don waɗanda Gana ya taɓa su koma ƙasa. Ɗaya ya tsage a hannunsa. Na fito na faɗa masa maganar da ba zan maimaita ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri," ya ci gaba.

Da ya iso layin da ke jikin bango sai ya ajiye kurfin. Ya ɗaure igiya, ya kwanta har kuncinsa ya taɓa ƙasa, ya duba.

"Zo ki gani. Wannan ba zan taɓa ba. Ko ni ban iya fitar da layin farko kamar Gana ba, shi ke yi mana kullum. Daga kansa zan ɗora."

Haka aka yi. Duk falon nan daga layin mijina ya ɗauki saiti. Yanzu Inna tana jan ƙafa daga ƙofa har kujerarta, ba abin da ke tare ta.

Baƙi in sun shigo sai su ce, "Kai, wannan aikin Sylvester ne ko?" Har yanzu maganar tana sukata. Matarsa ma, Maman Precious, ta zo yi mini sallama tana kukan gwiwar mijinta, wai ko hawa mota sai an riƙe shi. Na dube ta kawai. Ita dai da mijinta za ta tafi.

Duk da haka, Sylvester, kai ne ka shanye baƙar maganata ba ka rama ba. Kai ne ka ƙi bar wa tsohuwa tuntuɓe don ka faranta mini, ka kuma ƙi shafe hannun abokinka don a yabi naka. Na gode. Allah Ya ba gwiwarka sauƙi, Ya kai ka gida lafiya.

Ku masu sana'a, ku yi koyi da shi. In kun tarar da aikin wanda ba ya nan balle ya kare kansa, ku gyara abin da zai cuci mai rai, amma ku duƙa ku duba kafin ku ɗaga duka.

Masu tambayata kuwa, amsa ɗaya nake ba su. Eh, aikin Sylvester ne. Sannan in kama hannunsu in kai su jikin bango, wurin layin Gana.