Ɗigon Jan Fenti a Jikin Bututu

Shekara ashirin da bakwai makullin ɗakin gwajin kimiyya na makarantar yana rataye a wuyansa. Baban Lab ɗalibai ke ce masa, har malamai suka bi sahu. Da shara ya fara, da aka ga hannunsa na da kyau sai aka bar masa wayoyi da batura da ma'aunai. Lissafin allo ba nasa ba ne. Amma in ƙwan fitila ya ƙi kamawa a teburin ɗalibi, kallo ɗaya zai yi ya ce, "Wayarka ta baya ta saki, ɗana. Wuta ba ta tsallake rami, sai hanya ta zagayo ta haɗe."

Gwajin da ya fi ƙauna shi ne na amo. Akwai wani ƙarfe mai ƙafa biyu da ake bugawa a jikin roba ya ɗauki karkarwa. Sai a kara shi a bakin bututun gilashi da ke tsaye cikin ruwa, a riƙa ɗago bututun a hankali. In tsawon iskar da ke ciki ya dace da karkarwar ƙarfen, siririn amon nan zai kumbura ya cika ɗaki. Kowane ƙarfe da nasa tsawon. Baban Lab ne ke fara nunawa, shi ne kuma ke bin bututu arba'in da kunnensa kafin jarrabawa, ya tabbatar kowanne na amsawa.

Matarsa ce ta fara lura.

"Malam, rediyon nan fa maƙwabta ma sun gama jin labarai."

"Me kika ce?"

"Na ce ka je asibiti."

"Wannan kam na ji. Ba zan je ba."

Ya je daga baya, a ɓoye. Likita ya ce jijiyar ji ce ta gaji, kuma ba ta dawowa. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, ba kuma abin da yake so illa ya ƙarasa su a ɗakin nan. Ya san in hedimasta ya ji, za a karɓi makullin.

Tun kunnen hagu na ɗan kamawa, ya bi bututun da yake nuni da shi ya ɗiga masa jan fenti, ƙanana kamar ƙwayar gero, ɗigo ɗaya ga kowane ƙarfe. Daga nan aiki ya koma na ido da yatsa. Ya buga ƙarfe, ya ji karkarwarsa a yatsu, ya ɗago bututu har ruwa ya zo daidai ɗigon, ya karkata kai kamar mai saurare.

"Kun ji?"

"Mun ji, Baba."

Zango uku yana haka, ba wanda ya gane.

Ana saura mako biyu jarrabawa aka kawo sababbin ƙarafa, aka kwashe tsofaffin don sun yi tsatsa. Baban Lab ya jera su a tebur, ya zaɓi wanda tsawonsa ya yi daidai da tsohon da ya saba. Bai kawo a ransa cewa ƙafafun sabon sun fi kauri ba, kuma mai kauri ya fi saurin karkarwa.

'Yan ajin ƙarshe suka kewaye teburin. Malamar fiziks, wadda ita ma a hannunsa ta koyi haɗa waya lokacin tana ɗaliba, ta tsaya gefe da alli a hannu. Ya buga, ya ɗago, ya tsaya a kan ɗigon. Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai.

"Kun ji yadda ya cika ɗaki?"

Wata ɗaliba a gaba ta dubi ta kusa da ita, sannan ta yi magana.

"Ba mu ji komai ba, Baba."

Bai ga bakinta ba, don haka ya ci gaba. "To, wannan shi ne wurin. Ku auna tsawon ku rubuta."

Wani daga baya ya ce, "Baba shi kaɗai yake kama tashar." Dariya ta tashi, ta mutu da Malama ta juyo.

Ta matso, ta ɗora hannunta a kan nasa, ta tura bututun ƙasa kamar faɗin yatsu uku. Ya sake bugawa. Ya ga fuskoki sun buɗe a lokaci guda, ya ga wani ya ɗaga gira, wata ta kai hannu ga ma'auni. Shi dai karkarwar ce kawai a yatsunsa.

Da aka tashi, Malama ta rufe ƙofa ta tsaya inda zai ga bakinta.

"Tun yaushe, Baba?"

"Shekara guda da wani abu."

"Ba wanda zai ji daga bakina. Zan zo mu sake sa alamun tare."

Ya daɗe yana goge ruwan da ya zuba a tebur.

"'Yata, da ba kya nan fa? Da yara arba'in sun rubuta ƙarya, da bakina na ce su rubuta. Ranar jarrabawa kina can kina tsaro. In bututun wani ya tsage, ya ɗaga hannu ya ce Baba zo ka ji mini, me zan ce masa?"

Ta buɗe masa ƙofa.

Washegari da safe shi da kansa ya shiga ofishin hedimasta, ya faɗi gaskiya. Hedimasta ya yi ta magana mai daɗi, kansa a sunkuye yana rubutu, don haka Baban Lab bai san me aka ce ba sai da aka miƙo masa takarda. An mai da shi ɗakin karatu.

Can yake yanzu, yana kaɗe ƙura yana jera littattafai. Mai kula da wurin mutumin kirki ne, in yana son sa sai ya kashe fitila ya kunna. Yaran da suka shigo bana ba su san shi da wani suna ba, Baba kawai suke cewa.

Matarsa ta tambaye shi ko sabon wurin da daɗi.

"Akwai kujera mai kyau," ya ce. "Hannuna ne dai ban san inda zan sa shi ba."