Goggo Malan da Ragon Baffa Sámal

Goggo Malan takan ce duniya ta sha ƙarewa a gabanta, kuma duk sanda ta ƙare, washegari sai an ɗora tukunya. Yayar babana ce. A ƙauyenmu na tsibiran Faro, can arewa mai sanyi a tsakiyar teku, aka haife ta, nan ta yi aure, nan teku ta cinye mata miji tana da goyo. Ta yi aikin gyaran kifi har yatsunta suka kanannaɗe, ta reni 'ya'yanta da saƙar rigunan sanyi. Ita ke share coci ranar Asabar, ita ke fin kowa ɗaga murya ranar Lahadi, alhali Allah bai ba ta muryar ba. Ga baki, kai! Fasto ma in ya ja wa'azi, tari take ta yi har sai ya ce amin.

Tana budurwa aka ce manyan ƙasashe za su yi wa juna ruwan bama-bamai, ba wanda zai saura. Ta wanke kai ta tafi wurin rawa. Shekarar dubu biyu aka ce na'urori za su haukace, mutane suka kwashe kyandir ɗin kanti kaf. Ita zare ta sayo.

Sai ga dubu biyu da sha biyu. Talabijin ya ishe mu da wata tsohuwar kalanda ta mutanen wata nahiya, wai ta ƙare a wata Jumma'a gab da Kirsimeti, don haka duniya ma ta ƙare. Dariya muka yi ta yi, har muka gane akwai wanda ba ya dariya: Baffa Sámal, autansu Goggo. A shekarar matarsa Elsuba ta rasu. Tun daga nan ya zauna gaban akwatin nan, abin da aka faɗa ya haɗiye.

Da a kansa kaɗai abin ya tsaya, da mun ƙyale shi. To amma tumakin gidajenmu gangare ɗaya suke kiwo, ragon kuwa ɗaya ne, kuma nasa ne. Tun lokacin kaka ake kulle rago, sai tsakiyar Disamba a sake shi cikin tumaki, don 'ya'yan su faɗo a watan Mayu, ciyawa ta fito. Lokaci ya yi, Baffa ya ce ba zai buɗe ba. Me za a yi da Mayu, tunda ba za a kai ba? Bai tsaya nan ba, ya aiko wai kowa ya zo gidansa ranar Alhamis, zai yanka ragon a yi cin ban kwana.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. In ragon nan ya shiga tukunya, shekara guda ba mu da ɗan tunkiya ko ɗaya. Na tafi wurin Goggo ina huci. Ta ajiye saƙa, ta zura takalmin roba, ta ce, "Mu je. Ki rufe bakinki, nawa ya isa."

Muka same shi bakin ɗakin ragon yana wasa wuƙa, ana yayyafi.

"Sannu da aiki, annabi," in ji Goggo.

"Yaya, ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Na zo jin ƙarfe nawa ne, don na jiƙa busasshen kifi, kada ya lalace a banza."

"Masana sun yi lissafi, Yaya."

"Oho. Ubangiji bai gaya wa mala'ikun da ke gabansa ranar ba, sai ya kira mai talabijin gefe ya raɗa masa? Sámal, benci ɗaya muka zauna a coci tun kana zubar da majina. Ubangiji zai dawo, na yarda, ina ma ɗokin ganinsa. Amma ce mana aka yi mu zauna da shiri, ya same mu kan aikinmu. Ba a ce mu cinye ragon mutane ba. Kuma rago a wannan wata? Warinsa kaɗai ya isa ya tashi duniyar."

Na ƙunshe dariya. Baffa bai ɗago ba, ya ci gaba da goga wuƙa a dutse. Goggo ta tsaya tana dubansa, sai na ga fuskarta ta sauya. Ta matsa ta zauna kusa da shi a kan jiƙaƙƙen katako.

"Ba tsoro kake ji ba," ta ce a hankali. "So kake ya zama gaskiya."

Wuƙar ta tsaya. Can ya ce, "Gidan ya yi mini girma, Yaya. Na ce ko Jumma'ar nan in ga Elsuba." Sai hawaye. Wallahi ni ma sai da na juya baya.

Goggo ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta ce, "Na san wannan jiran, na riga ka shiga layi. Elsuba tana hannu mai kyau, ba inda za ta. Za ka gan ta ranar da Mai ranar ya sa. Amma ka tuna wace ce matarka. Ka isa can, ta ce, Sámal, ina tumakina? Ka ce ai na cinye ragon kafin ya shiga cikinsu. A gaban mala'iku za ta tsinka ka!"

Baffa ya fashe da dariya, hawaye na zuba, har da tari. Ya miƙe ya zare sakata. Ragon nan ko sallama bai yi mana ba, ya bangaje ni cikin taɓo ya nufi gangare da gudu.

"Ka ga mai bangaskiya," in ji Goggo.

Jumma'a ta zo da ruwan sama da iska, kamar kowace Jumma'a. Na zaci Goggo za ta yi masa tsiya har Ista. Ba ta yi ba. Ta dai aika masa da dafaffen kifi da dankali, ta ce a gaya masa bencin coci na jiransa.

Watan Mayu gangaren nan ya cika da 'yan tumaki, kukansu har cikin gida. Wata tunkiya ta haifi biyu ta ƙi ɗaya, Baffa ya sa shi cikin rigarsa ya kai gida. Da muka leƙa, muka tarar da shi zaune a ƙasa kusa da murhu, ɗan tunkiya na fizgar kwalbar madara, kicin kaca-kaca.

Goggo ta jingina da ƙofa. "Annabi, na ji an sa sabuwar rana a talabijin."

Bai ko waiwayo ba. "Ki ce su ɗaga, Yaya, ina da yaye a gabana. In kuwa Shi da kansa ne ya zo, ƙofa a buɗe take. Zai same ni nan da kwalba a hannu."