Skola da Ƙurajen Fuskarta

Scholastica Danladi, wadda duk Sabon Tasha ke kira Skola, 'yar wani manomin masara ce daga Kakau. Har ta gama 'yanmatancinta ko ƙurji ɗaya bai taɓa fito mata a fuska ba. Fatarta sumul take, kuma ita ce ta ja mata kasuwa lokacin da ta buɗe shagon man shafawa da hoda. Mata kan shigo su ƙare mata kallo su ce, "Anti, wanda kike shafawa shi za ki ba ni."

Tana da shekara talatin da ɗaya, ba ta daɗe da yaye ɗanta na biyu ba, ƙuraje uku suka fito mata a haɓa. Mijinta Shekari, malamin firamare, ya dube ta ya ce, "Maman yara, sai yanzu kike balaga?" Suka yi dariya.

Kafin damina ta wuce, dariya ta ƙare. Ƙurajen suka bi muƙamuƙi suka hau kumatu, manya masu tauri can cikin fata, ga raɗaɗi kamar an zuba mata barkono. Wasu su fashe da mugunya da jini, su bar baƙin tabo. Ta shafa lemun tsami, ta shafa man goge baki, ta daina cin gyaɗa, duk a banza. Daga ƙarshe ta ɗebi haɗin man da ita kanta take kwaɓawa tana sayar wa masu son fari. Cikin kwana goma fuska ta lafa har ta yi haske. Tana dainawa abin ya dawo ya fi na da, fatar kuma ta yi ja kamar ƙuna.

Sai maganganu suka fara yawo a kasuwa. Wasu suka ce jifa aka yi mata, wasu suka riƙa raɗa cewa ciwon zamani ne. Mai saye kan ɗauki kwalba, ta ɗaga kai ta ga fuskar Skola, ta ajiye a hankali ta ce za ta dawo. A cocinsu na Unguwar Boro, ita da ke tsayawa a sahun gaba tana ba da waƙa a Zumuntar Mata, ta koma kujerar baya, daga nan ta daina zuwa. Ta yi azumin kwana uku. Ko abinci za ta ci, sai ta juya wa Shekari baya.

Mama Miriam, tsohuwar nas da suke zumunta tare, ita ta biyo ta har gida.

"'Yata, addu'a muna yi, ba mu fasa ba. Amma ɗauko gyalenki mu je wurin likitan fata."

A asibiti, Dakta Halima ta daɗe tana duba fuskar kafin ta yi magana.

"Madam, ba jifa ba ne, ba ƙazanta ba ce. Ƙofofin fata ne ke toshewa da maiƙo, sai su kumbura."

"Amma likita, na ɗauka na yara masu tasowa ne."

"Su ya fi kamawa. Amma ina ganin mata masu shekara talatin, har da arba'in, saboda canje-canjen jiki. Akwai ƙanana da ke wucewa da kansu. Naki mai tsanani ne, irin wanda ke barin rami in an yi jinkiri. Me kika shafa?"

Skola ta miƙa mata ɗan gwangwanin haɗin, ta lissafa abin da ke ciki. Likitar ta girgiza kai.

"A cikinsu akwai mai kwantar da kumburi na ɗan lokaci, amma cinye fata yake yi. Wa ya sayar miki?"

Skola ta sunkuyar da kai. Shekara biyu ke nan tana sayar da shi, da hannunta take kwaɓawa.

Wata biyar ta yi tana shan magani kafin kumburin ya sauka. Raɗaɗi ya tafi, amma ramuka sun zauna a kumatun biyu, kuma likita ba ta ɓoye mata cewa ba duka za su cike ba. Ta zubar da sauran haɗin a kwata. Masu nemansa suka koma shagon gaba, nata ya yi shiru.

Ran Lahadi da yamma takan hau keke ta bi gidajen matan da ta tuna ta sayar wa haɗin, don ta gargaɗe su. Ta sami huɗu zuwa yanzu. Biyu lafiya lau suke. Ɗaya da fatarta ta fara lalacewa ta saurare ta, ta karɓi sunan likitar. Ta huɗun, Tracy, wadda kumatunta suka yi baƙi kamar an ɗora musu dutsen guga, ta tsaya a bakin ƙofa ta ji bayanin har ƙarshe.

"Yanzu kika sani, Anti?" ta ce, ta rufe ƙofarta.

Skola ta juya, ta tambayi wata mai suyar ƙosai hanyar gidan ta biyar.