Yinin da Na Yi a Kan Tsamiya da Surukina

Gaisuwa mai yawa gare ku masu kula da wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina dariya, ashe nawa na tafe. Ku yi mini uzuri, ba zan faɗi sunana ko na ƙauyenmu ba, don waɗanda suka san labarin har yau ba su bar ni na sarara ba.

A lokacin ni tela ne a cikin garin Haɗejiya, sabon ango, mai son ƙwalisa. Da ɗinki ya ja baya sai na ɗauki kekena na koma ƙauyenmu ta wajen Auyo, ina noman shinkafa ina taɓa ɗinki. Ƙauyen yana bakin wani kwari da ke tattaro ruwan sama daga kan tudu ya zuba a kogi, kuma tun muna yara duk damina sai ya yi ɓarna. Daga baya manoman da ke sama da mu suka fara datse shi da ƙasa da buhunan yashi, kowace unguwa da 'yar madatsarta, don su tara ruwan noman rani da na dabbobi. Abin kuwa ya yi albarka. Aka sami albasa da tumatir, aka sami kifi, ruwan da ya saba sauko mana a guje ya koma tafiyar amarya, wata shekarar ma bai iso ba.

Nan na hango fili a tsohuwar hanyar ruwan, ga yashi mai laushi, ga wata ƙatuwar tsamiya mai inuwa. Na gina gida na ƙasa, na shafe shi da siminti, na yi masa shuɗin fenti. Ba ni kaɗai ba ne, wasu ma sun bi sahu. Abin da ba mu lura da shi ba, kowace damina laka tana zama a cikin madatsun nan, tulun da rabinsa ƙasa ce kuwa ba ya cin ruwan da ya saba. Ga shi babu wanda ya yarda a yanke wa madatsarsa mafitar da rarar ruwa za ta bi, kowa na rowar ɗigo. A can ƙasa kuma ciyawar kachala ta toshe bakin kwarin inda yake shiga kogi.

Matata ta haihu, haihuwar fari, ta tafi wanka gidansu ta wajen Birniwa. Da lokacin dawowarta ya yi, mahaifinta ya aiko cewa sai ya zo ya ga sabon gidan da idonsa kafin ya sallamo 'yarsa da jikansa. Surukina malami ne mai kwarjini, ba ya wasa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon fuskarsa ba, da takalmansa nake gane shi.

Ya iso da hantsi a kan babur ɗin haya, tsakiyar damina, amma rana tarwai. Na shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiya, na durƙusa can gefe cikin sabon wandona. Ya zaga gidan ya dawo, ya tambaye ni ko ruwa ba ya bi ta nan, na ce ai wannan ya zama tarihi. Ya yaba sanyin wurin, har ya ce in an sami fili kusa in yi masa magana. Bayan azahar muna zaune sai muka ji rugugi kamar tirela ta taho, alhali ko a-kori-kura ba ta shigowa ƙauyenmu. Ashe tun safe ake tafka ruwa a can sama. Madatsar farko ta cika ta tumbatsa, ruwa ya ci bakinta ta fashe, ta juye kayanta a kan ta biyu, ita ma ta ce ba da ni ba, haka suka yi ta miƙa wa juna har kanmu. Ruwan saman ranar da wanda aka daɗe ana tarawa, duk suka zo mana a lokaci ɗaya.

Na ga jan ruwa ya kunno kai da karan dawa da buhuna da akurkin wani. Na waiwaya in ce Baba ya gudu, sai na ga tabarma babu kowa. Dattijon nan mai furfura, da babbar riga da rawani, tuni yana kan reshe yana tasbihi. Ni kuwa na ruga ɗaki ceton keken ɗinki. Kafin in fito ruwa ya kawo mini ƙirji, na saki keke na kama reshe. Ina ta fafutukar hawa, ruwan ya kama wandona ya ja, na ja, ya ja, tazuge ya tsinke, wando ya kama hanyar kogi.

Na isa kusa da surukina daga ni sai singileti da gajeren wando. Gajeren wandon kuma da ragowar ƙyallayen mutane na haɗa shi, kamar yadda wasunmu teloli ke yi, Allah ya yafe mana. Rabinsa atamfar Sallar surukata ce, wadda shi Baba da kansa ya aiko in ɗinka. Na so in durƙusa in yi masa sannu, amma ba a durƙuso a kan reshe. Ya dubi ruwa, ya dube ni.

"Malam, wannan atamfar kamar na san ta."

"Baba, ai kamfanin da yawa yake buga su."

Muna kallo katangar gidana ta jiƙa ta zauna a hankali, ɗakin da na yi wa mai jego fenti ya bi ta. Nan dariya ta ƙare, na yi kuka sosai, shi kuma yana ta ba ni haƙuri yana cewa rai ya fi gini. Can yunwa ta taso, ya laluba aljihu ya miƙo mini dabino. Ni ban iya ci a gabansa ba, shi ma haka, sai muka juya wa juna baya kowa na tauna a ɓoye. La'asar ta yi ya ja mu salla da ishara. Sai ga cinnaku, su ma sun gudo daga ruwa, kuma ba su san malami ba. Ɗaya ya shige bayan rigarsa. Ya daure, ya yi mutsu-mutsu, da abin ya ci tura ya ce in taimaka in kashe. Ranar na ɗaga hannu na ɗirka wa surukina duka a gadon baya, ya ce in ƙara, wai ban sami cinnakan ba.

Dab da magariba wasu masunta suka zo da kwalekwale suka sauke mu. Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya rufa mini asiri, na shiga gari ina jan ta a ƙasa, mata na leƙe ta kan katanga. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma shinkafa ta tafi, gidajen da ke cikin kwarin suka rushe, awaki da kaji da yawa suka salwanta. Matata ba ta dawo ba sai da rani, bayan na yi ɗaki a kan tudu. Mutanen sama suka sake gina madatsunsu, wannan karon kowace da mafitarta, aka kuma sa gayya duk rani ana yashe laka ana sare kachala.

Abin da na koya, 'yar madatsa alheri ce, tana riƙe ƙaramin ruwa ta ciyar da mutane. Amma ba ta yi alkawarin riƙe babba ba, kuma ranar da ta gaza, na ƙasa ne ke shan wuya. Masu datse kwari, ku bar wa ruwa ƙofa, ku riƙa yashewa, ku yi shawara da waɗanda ke ƙasa da ku. Masu neman fili kuma, duk daɗin inuwa kada ku yi gini inda ruwa ya taɓa bi, don ba ya mance hanyarsa, kuma ba ya sallama in zai dawo. Wanda ya ƙi ji, to ya tabbata akwai bishiya kusa, ya kuma fara koyon hawa tun yana da sauran ƙarfi.